Me ya sa Sardauna ya zauna a Kaduna bai tafi Legas ba?

Wani matashi mai karatun kimiyyar siyasa ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na karanta cewa Sir Ahmadu Bello ne shugaban jam'iyyar NPC, kuma ita ce ta fi kowace jam'iyya kujeru a zaɓen 1959. A tsarin firayim minista, shugaban jam'iyya mai rinjaye shi ke kafa gwamnati. To me ya sa ya zauna a Kaduna, ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa mulkin ƙasa? Tawali'u ne, ko tsoron Legas, ko kuwa wani abu ne daban?"

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, domin na yi shekaru ina koyar da tarihin wannan zamani kuma kusan kowane aji sai an yi mini ita. Abin da ke sa ta ɗaure wa 'yan zamaninku kai shi ne kuna auna hatsin jiya da mudun yau. Kun tashi kun tarar komai yana Abuja, kuɗi da soja da 'yan sanda da manyan muƙamai, gwamna kuwa ba shi da burin da ya wuce ya zama shugaban ƙasa. A shekarun 1954 zuwa 1966 lamarin ba haka yake ba. Kujerar Firimiyan Jihar Arewa ta fi ta firayim minista nauyi a harkokin da suka shafi rayuwar mutane ta yau da kullum, kuma ita ce ke ɗauke da ta Legas ɗin. Ka lura, idan na ce jiha ina nufin yadda ake faɗa a lokacin: Jihar Arewa, Jihar Yamma, Jihar Gabas. Jihar Arewa ita kaɗai ta haura kashi uku cikin huɗu na faɗin ƙasar Najeriya, da larduna 12, suka zama 13 bayan Arewacin Kamaru ya zaɓi shigowa Najeriya a 1961.

Sardauna ya taɓa zama a majalisar Legas, kuma abin da ya gani can yana cikin amsar tambayarka. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG, ta Obafemi Awolowo mai ƙarfi a Yamma, ya kawo ƙudiri cewa Najeriya ta samu mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ga idan Turawa suka tafi a wannan shekara, kusan duk ofisoshin gwamnati, jirgin ƙasa da gidan waya da asibitoci, za su koma hannun 'yan Kudu, domin Arewa ba ta da masu ilimin bokon da za su riƙe su. Sardauna ya tashi ya nemi a cire shekarar, a sa "da zarar lokaci ya yi". Majalisa ta hargitse, 'yan AG da na NCNC, jam'iyyar Nnamdi Azikiwe, suka fice. A nan ne ya yi maganar nan da ta shahara, cewa kuskuren 1914, wato haɗe Arewa da Kudu da Turawa suka yi, ya fito fili. Da wakilan Arewa suka fito, jama'a suka yi musu ihu a titi, ana kiransu 'yan koren Turawa, kuma aka ci gaba da yi musu ature a tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida. Waɗannan mutane ne da a garuruwansu ake zube musu a gaishe su. Ba su manta wannan cin fuska ba har suka koma ga Allah.

Bayan wata ɗaya da rabi tawagar AG ƙarƙashin Samuel Akintola ta shirya zuwa Kano yin lacca, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Sabon Gari daga 16 zuwa 19 ga Mayu, alƙaluman hukuma suka ce mutum 36 sun mutu. A cikin watan ne majalisun Arewa biyu, ta wakilai da ta sarakuna, suka amince da wasu buƙatu takwas waɗanda idan aka bi su, abin da zai rage tsakanin jihohi shi ne wata ƙaramar hukuma mai kula da tsaro da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje. Ka ga ke nan shekara bakwai kafin 'yancin kai, shugabannin Arewa ba mulkin Legas suke nema ba, kariya suke nema daga Legas.

Turawa suka kira taro a Landan, aka fito da tsarin mulkin 1954, wanda ya mai da Najeriya tarayya. Abu biyu a cikinsa suka shafi tambayarka kai tsaye. Na ɗaya, ya hana mutum ya zama ɗan majalisar jiha da ta tarayya a lokaci guda, dole ka zaɓi ɗaya. Na biyu, ya lissafa abubuwan da ke hannun tarayya, duk abin da bai shiga lissafin ba ya bar wa jihohi. Da aka ce a zaɓa, manyan shugabannin nan uku duk gida suka zaɓa: Sardauna ya zama Firimiya a Kaduna, Obafemi Awolowo a Ibadan, Nnamdi Azikiwe a Inugu. Kowannensu mataimakansa ya tura Legas. Saboda haka a 1957 da aka ƙirƙiro muƙamin firayim minista, Abubakar ne jagoran NPC a majalisar tarayya, shi ya hau. A zaɓen 1959 ma Sardauna bai tsaya takarar kujerar tarayya ba sam, don haka babu wata rana da aka miƙa masa mulkin Najeriya ya ce a kai kasuwa. Shawarar ta riga ta yanku tun 1954.

Me ke hannun jiha? Makarantun firamare da na sakandare, asibitoci, noma, filaye, ƙananan hukumomi, naɗin sarakuna da tuɓe su, kotunanta, da ma'aikatanta na kanta. Sannan kuɗi. A 1954 aka raba hukumomin cinikin amfanin gona, kowace jiha ta samu tata. Hukumar Arewa ce ke yanka farashin gyaɗa da auduga, ta saya ta hannun dillalai masu lasisi, ta sayar waje, rarar ta zauna a Arewa. Dalar gyaɗar nan ta Kano da kuke gani a hoto, baitulmalin Kaduna ce a jibge. Ko ma'adinai, tsarin rabon 1958 ya ba jihar da aka haƙo su rabin kuɗin, tarayya kashi 20 cikin ɗari, sauran kashi 30 a raba wa kowa. Man fetur kuwa a 1958 aka fara fitar da shi, bai zama komai ba tukuna. Legas tana da soja da 'yan sandan Najeriya da jirgin ƙasa da tashar ruwa da harkokin waje. Manomin Gumel ko na Argungu zai iya shekara goma bai yi ido biyu da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Gwamnatin da talaka ya sani ita ce En'e, kuma a kanta nake so in daɗe, don ita ce mabuɗin siyasar Arewa ta wancan lokaci. En'e ita ce sarki da majalisarsa, da hakimai da dagatai da masu unguwa. Ita ke karɓar haraji da jangali. Tana da 'yan dokarta, da kotunan alƙalanta, da gidan yarinta, da baitulmalinta. Ita ke ba da rumfa a kasuwa, ita ke ɗaukar malamin makaranta da malamin asibiti, kuma ita ke ba da izinin yin laccar siyasa. Yawancin 'yan majalisar NPC ma'aikatan En'e ne ko masu sarauta. Wanda ke riƙe da ma'aikatar da ke sa ido kan En'e-En'e shi ke riƙe da Arewa, kuma Sardauna ya riƙe wannan ma'aikata tun 1953, kafin ya zama Firimiya.

A gidanmu na ga yadda abin yake. Mahaifina malamin haraji ne a En'en garinmu, ɗan NPC. Ƙanen mahaifiyata tela ne a bakin kasuwa, ɗan NEPU, jam'iyyar hamayya ta Malam Aminu Kano, na gani-kashe-ni, har ya ɗinka tauraro a jikin labulen shagonsa. Ina ɗan firamare lokacin zaɓen 1959, na leƙa rumfar zaɓe kafin a kore mu. An kewaye wani lungu da zana, a ciki an jera akwatuna, kowane ɗan takara da nasa, an manna alamar jam'iyya a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mutum zai karɓi takarda ya shiga shi kaɗai ya jefa a akwatin da yake so. Maza ne kawai a layi, domin matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970. Bayan zaɓe da 'yan watanni aka kama kawuna da laifin yin lacca ba izini. Laccar kuwa mutum goma sha ne a ƙofar shagonsa bayan la'asar. Alƙali ya ba shi wata shida. Na raka mahaifiyata kai masa tuwo, na gan shi an aske masa kai, yana cikin waɗanda ke sharar ƙofar fada. Mahaifina bai ce uffan ba, amma shi ya ciyar da iyalin kawu har ya fito, kuma da dare yake aika hatsin don kada a kai ƙararsa.

Ina faɗa maka wannan ne saboda ina ƙaunar aikin da Sardauna ya yi wa Arewa, kuma ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Abin da aka yi wa mutanen Malam Aminu Kano zalunci ne. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala da ƙarin haraji da kora daga gari. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama. A ƙasar Tibi, inda jama'a ke bin Joseph Tarka da jam'iyyar UMBC, matsin En'e ya haifar da tarzoma a 1960, ta sake tashi a 1964 har sai da aka kai soja. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 NEPU kujera ɗaya tak ta samu. Kada kuma ka ɗauka Arewa ce kaɗai. Kowace jiha ta zama gonar jam'iyya ɗaya, AG a Yamma, NCNC a Gabas, kowacce tana amfani da kotunan gargajiya da masu yanka haraji da bashin hukuma wajen murƙushe 'yan hamayyar gida, alhali tana kukan danniya a jihar maƙwabta.

Yanzu ga lissafin kujeru. Tun taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka kafe sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, aka ba su. Zuwa 1959 an koma rabo bisa yawan jama'a: kujeru 312, Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Ma'anar wannan ita ce jam'iyyar da ta share Arewa za ta iya mulkin Najeriya ko ba ta ci kujera ɗaya ba a Kudu. NPC ta ci 134, NCNC 81, abokiyar ƙawancenta NEPU 8, AG 73, sauran suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu, yawancinsu kuma suka bi NPC. Duk wani ɗan majalisar NPC da ke zaune a Legas ya san wanda ya ba shi takara da wanda ya sa hakimai suka yi masa aiki. Ikon Abubakar a majalisa daga waɗannan kujeru yake, su kuwa kujerun a Kaduna ake ɗaure su. In Sardauna ya tafi Legas, dole ya bar wa wani wannan igiya.

Ba sai mun yi hasashen abin da zai faru ba in ya tafi, domin akwai wanda ya gwada. Awolowo ya ajiye kujerar Firimiyan Yamma a 1959 ya nemi zama firayim minista. Ya yi yaƙin neman zaɓen da ba a taɓa ganin irinsa ba, har da jirgi mai saukar ungulu yana sauka a ƙauyukan Arewa, abin da ya tilasta wa manyan NPC su ma su fita ƙauye-ƙauye neman ƙuri'a. Bai ci ba, ya zama jagoran 'yan hamayya a Legas, Akintola ya hau kujerarsa a Ibadan. Sai aka wayi gari shugaban jam'iyya ba shi da gwamnati, mai gwamnati kuma ba shi ne shugaban jam'iyya ba. Awolowo yana so a riƙa tuntuɓarsa kafin a yanke shawara, Akintola yana ganin shi ne Firimiya. Akintola yana so a shirya da NPC a shiga gwamnatin tarayya don Yarbawa su samu rabonsu, Awolowo yana so a ci gaba da hamayya. Ɓarakar ta fito fili a taron jam'iyyar da aka yi a Jos a Fabrairun 1962. A watan Mayu gwamnan Yamma, Ooni na Ife, ya sauke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Ranar 25 ga wata majalisa ta zauna a Ibadan, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Bayan kwana huɗu gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Ranar 1 ga Janairun 1963 Akintola ya koma kujerarsa. A watan Agusta aka yanke Jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Yamma. A watan Satumba kotu ta ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Cikin shekara huɗu ya rasa gwamnati, jam'iyyarsa ta dare biyu, shi kuma yana kurkuku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Azikiwe ma da ya bar Inugu, ya zama Gwamna Janar a 1960, sannan Shugaban Ƙasa da aka koma jamhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963, amma kujera ce ta girmamawa, jam'iyya da gwamnatin Gabas suka koma hannun Michael Okpara. A cikin su ukun, wanda bai motsa ba shi kaɗai ya riƙe ikonsa har ƙarshe.

Zai zama rashin adalci in bar ka da tunanin cewa lissafin riƙe mulki ne kawai. Mutumin yana da aikin da ya sa a gaba, kuma aikin a Kaduna yake. Yana ganin Arewa tana tsere da lokaci. Manufarsa ta mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ta ce in akwai ɗan Arewa da ya cancanta a ba shi, in babu a ɗauki Bature na wucin gadi, ɗan Kudu sai in ba yadda za a yi. 'Yan Kudu sun ji zafin wannan ƙwarai, kuma suna da hujja, tunda ƙasa ɗaya ake cewa. Shi kuwa hujjarsa ita ce Bature zai tafi, ɗan Kudu in ya zauna a kujera shekara talatin zai yi. Aka riƙa kwasar samari ana kai su makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya, ana yi musu horo na gaggawa su zama Di'o. Aka bi makarantu ana lallashin yara su shiga soja. Aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa Bankin Arewa, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, jaridar New Nigerian ta fara fita ranar 1 ga Janairun 1966. Ɗan Arewa a wurinsa ya haɗa da Kirista daga Kabba ko Filato, shi ya sa irin su Michael Audu Buba suka yi minista, irin su Sunday Awoniyi suka yi aiki kusa da shi. Ni kaina da kuɗin gwamnatin Arewa na yi sakandare, har da kuɗin mota da sabulu. Ba na mantawa.

Haka nan ikon Kaduna ya kai inda sarakuna ba su zata ba. A 1962 aka naɗa 'yan siyasa kwamishinonin larduna, suka zauna a saman En'e-En'e. A shekarar ce kuma aka sa wani jami'i Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'en Kano, wadda ta fi kowace girma da arziki. Sakamakonsa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda yake jigo ne a NPC, ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Firayim minista ba shi da ikon taɓa ko dagaci a Kano. Firimiya ya iya sauke sarkinta.

Akwai kuma abin da ke zuciya. Ahmadu jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, aka naɗa Abubakar na Uku, shi aka ba shi Sardauna. Mutumin da ya tashi da wannan tarbiyya, girma a idonsa yana tsakanin Sakkwato da Wurno da Kaduna, inda ake jin harshensa, ake gane matsayinsa, yake fita rangadi jama'a su yi dafifi. Legas a wurinsa baƙon wuri ce. Abubakar kuwa malamin makaranta ne daga Bauci, ba ɗan sarauta ba, mai haƙuri da iya zama da mutane iri-iri, ga Turanci mai daɗin saurare. Kowannensu ya zauna inda ya fi dacewa da halinsa.

Kada kuma ka yarda da masu cewa Abubakar ɗan amshin Shata ne. Shi ne a watan Agustan 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, a lokacin da faɗin haka a gaban sarakuna ke buƙatar ƙarfin hali. Yana firayim minista gwamnatinsa ta yi hulɗa da Isra'ila ta karɓi rancenta, alhali Sardauna ya fito fili ya ce Arewa ba ta so. Ya yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya da take yi a hamadar Sahara. Ministocinsa irin su Muhammadu Ribaɗu da Inuwa Wada da Shehu Shagari da Maitama Sule sun jawo wa Arewa ayyukan tarayya, kamar layin dogo zuwa Maiduguri da madatsar ruwa ta Kainji. Sai dai a duk maganar da ta taɓa kujerun Arewa ko rabon jihar, ba shi da inda zai motsa. Ribaɗu ne mai iya tsayawa tsakanin Kaduna da Legas ya faɗa wa kowa gaskiya, kuma rasuwarsa a watan Mayun 1965 ta bar giɓi babba.

Tsarin da ya sa zaman Kaduna ya zama dabara shi ne kuma ya karya jamhuriyar, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi yi mini ciwo. Tun da kujeru bisa yawan jama'a ake rabawa, kuma kowace jiha jam'iyya ɗaya ce ke da ita, ƙidayar jama'a ta zama ita ce zaɓen gaskiya. Aka yi ƙidaya a 1962, aka yi ta gardama, aka soke. Aka sake a 1963, sakamako ya fito a Fabrairun 1964: Najeriya miliyan 55.6, Arewa miliyan 29.8, Gabas miliyan 12.4, Yamma miliyan 10.3. Okpara ya ce bai yarda ba, ya je kotu bai yi nasara ba. Da aka sake rabon kujeru Arewa ta tashi da 167 cikin 312, har yanzu fiye da rabi. 'Yan siyasar Kudu suka gane cewa ta hanyar ƙuri'a ba za su taɓa karɓar Legas ba, sai fa in an raba Arewa ko an fasa ta daga ciki. 'Yan siyasar Arewa kuma suka gane cewa duk wata maganar sabuwar jiha ko 'yancin 'yan hamayya, a kansu za ta ƙare. Kowa ya ƙara ƙanƙame abin da ke hannunsa.

Zaɓen 30 ga Disamba 1964 a wannan yanayi aka yi shi. NPC ta haɗa kai da sabuwar jam'iyyar Akintola, NNDP, suka zama NNA. NCNC da AG da NEPU da UMBC suka zama UPGA. Kujeru sama da 50 a Arewa aka ce an ci ba hamayya, 'yan UPGA suka ce an hana 'yan takararsu miƙa takardu, wasu an kama su, wasu jami'in zaɓe ya ɓace musu. Suka ƙaurace wa zaɓen, a Gabas ba a yi shi ba sam. Azikiwe ya ƙi kiran Abubakar ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki ba firayim minista. Ya gwada shugabannin soja, suka nuna masa cewa a doka umarni daga firayim minista yake zuwa. Manyan alƙalai suka shiga tsakani, ranar 4 ga Janairun 1965 ya kira Abubakar, aka kafa gwamnati mai faɗi, aka yi zaɓen Gabas a watan Maris. An rufe ciwon, ba a wanke shi ba. Kuma tun daga ranar sojoji suka san cewa 'yan siyasa sun fara leƙo bariki.

Zaɓen majalisar Yamma na Oktoban 1965 ya fi na baya muni. Aka ce Akintola ya ci, jama'a suka ce ƙarya ne, aka shiga ƙona gidaje da motoci da mutane da fetur. A 1962 saboda faɗan cikin zauren majalisa an sa dokar ta-ɓaci. A 1965 ana kashe mutane a titi har wata uku ba a sa ba, domin wanda ke kan kujera abokin ƙawance ne, in ya faɗi NPC ta rasa ƙafarta ɗaya tilo a Kudu. A ganina wannan ne kuskure mafi girma da gwamnatin Abubakar ta yi, kuma Kaduna tana da kaso a cikinsa.

Daren Asabar 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, wasu hafsoshi suka yi juyin mulki. Manjo Chukwuma Nzeogwu ya kai hari gidan Firimiya a Kaduna, aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. Aka kashe Akintola a Ibadan. A Legas aka ɗauke Abubakar da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, aka kashe su, aka kuma kashe manyan hafsoshin Arewa, Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam. Allah ya jiƙansu. Ka duba abin da ya biyo baya. Ministocin NPC da suka rage a Legas suna da rinjaye a majalisa, suka tsayar da Zanna Bukar Dipcharima ya riƙe gwamnati, amma muƙaddashin shugaban ƙasa Nwafor Orizu bai rantsar da shi ba, kuma babu wata murya daga Kaduna da za ta tsaya musu. Kafin kwana biyu su cika an miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi.

Ironsi ya soke tsarin jihohin da doka mai lamba 34 ranar 24 ga Mayu, abin da Arewa ta ji tsoro tun 1953, jini ya zuba a garuruwan Arewa, aka kashe dubban 'yan Gabas da ba su da hannu a komai kafin shekarar ta ƙare, shi ma aka kashe shi a juyin mulkin 29 ga Yuli. Ranar 27 ga Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Cikin 'yan shekaru aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. Kuɗin fetur ya danne na gyaɗa, rabon da ake ba jihar da aka haƙo ma'adini ya yi ta raguwa, asusu ya koma tsakiya. Kujerar da Sardauna ya zauna a kai yau an yanka ta gida 19, kuma kowane wata kwamishinonin kuɗi na waɗannan jihohi 19 sai sun je Abuja karɓo kasonsu.